Bibiyar Haɗarin Gobarar Gona da ta Daji a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure ta Hanyar Awon Danshin Ciyawa da Bayanan Tashar Yanayi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda za a riƙa sanin haɗarin tashin gobara a gonaki da dajin da ke kewaye da Shirin Noman Rani na Kogin Kano, musamman a ƙananan hukumomin Kura da Bunkure. Ta bayyana yadda danshin busasshiyar ciyawa da karan shinkafa ke hawa da sauka tare da zafi da laimar iska, sannan ta auna mizanan da aka tsara a Kanada da Amurka da Ostareliya da Suwidin da yanayin ƙasar Kano. Maƙalar ta nuna cewa mizanin da ya dogara da kwanakin da aka yi ba ruwan sama ba zai tsinana wa manomin Kura abin kirki ba, domin daga Nuwamba zuwa Afrilu amsa ɗaya zai riƙa bayarwa. Abubuwan da ke bambanta rana da rana a wannan yanki uku ne: sa'ar da aka kunna wuta, ƙarfin iska da inda ta dosa, da kuma abin da ke kwance a gonar maƙwabci. A ƙarshe an kawo tsarin awo mai sauƙin kuɗi wanda ƙungiyoyin masu amfani da ruwa za su iya riƙewa da kansu.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a ƙarshen kaka, daga Kura har Kwanar Gafan, ya san hayaƙin da ke tashi daga gonaki da yamma. An yanke shinkafar damina, an casa, kara ya taru tuli-tuli, ga kuma lokacin shuka alkama da dashen tumatir yana matsowa. Ashana ta fi lebura araha, don haka sai a cinna wa karan wuta. Galibi wutar takan ci abin da aka ba ta ta mutu. Wata rana kuwa sai ta tsallake kunya ta afka wa tarin shinkafar da ba a kai ga casawa ba, ko harawar da aka jibge domin dabbobi, ko dangar gidan da ke bakin gona.

Idan haka ta faru akan ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma ranar tana da alamomi, kuma alamomin suna aunuwa. Manufar wannan maƙala ita ce ta fito da su, ta nuna yadda ake auna su, da yadda za a mayar da awon ya zama magana ɗaya da za a iya faɗa wa manomi da safe kafin ya fita.

2.0 Yankin Nazari

Shirin Noman Rani na Kogin Kano ya samo asali ne daga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin gwamna Audu Baƙo. Ruwa yakan gangaro da kansa ta babban kanal, ya ratsa ta Ruwan Kanya, ya rarrabu cikin ƙananan magudanai har gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura. An tsara kashin farko na shirin a kan hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. A Kadawa akwai tashar binciken noman rani ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Shirin TRIMING na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014, ya gyara magudanai a yankin tare da ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa.

Damina a nan takan kankama daga Yuni ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Daga Nuwamba iskar hunturu ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi. A Janairu da Fabrairu laimar iska da tsakar rana takan faɗo ƙasa da kashi 20 cikin 100. A Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas.

2.1 Abincin Wuta da Jadawalin Noma

A wannan maƙala, "abincin wuta" na nufin duk abin da wuta za ta iya ci a fili. A dajin da ba ruwan rani, kamar dajin Falgore da ke kudu da Tiga, lissafin mai sauƙi ne: ciyawa ta fito da damina, ta bushe da kaka, ta zama abincin wuta har ruwa ya sauko. A yankin Kura da Bunkure kuwa ƙasar kamar zanen atamfa take. Ga gonar albasa da aka ba ruwa jiya, ga gonar maƙwabci cike da tushiyar shinkafa busasshiya ƙayau, ga gamba da kyasuwa a kan gaɓar kanal, ga kacalla a magudanar da ta toshe, ga tudun da ruwa ba ya kaiwa inda karan dawa ke tsaye.

Saboda haka lokutan haɗari a nan biyu ne. Na farko daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, lokacin da karan shinkafar damina ya cika gonaki ana gaggawar share su. Na biyu daga Maris zuwa Afrilu, lokacin da alkama ta nuna ta bushe a tsaye, zafi ya kai maƙura, guguwa tana yawo a fili da tsakar rana. Gonar alkamar da ta isa girbi ba ta da maraba da ciyawar daji a wurin wuta, illa dai ita dukiya ce ta wata huɗu. A tsakanin lokutan biyu akwai wutar mafarauta masu korar gafiya da zomo, da ta masu neman sabon tsiro domin dabbobi, da tokar masu turara shinkafa da ake zubarwa kusa da tulin buntu, wanda kan yi kwanaki yana ci ta ciki ba a sani ba.

3.0 Danshin Abincin Wuta

Kafin kara ya kama, dole zafin wuta ya fara ƙafar da ruwan da ke cikinsa. In ruwan na da yawa, ƙarfin wutar ya ƙare a nan, sai hayaƙi kawai. Bincike a kan ciyawar Ostareliya ya nuna cewa busasshiyar ciyawa ba ta cika riƙe wuta ba idan danshinta ya haura kimanin kashi 20 cikin 100. Idan ya sauko ƙasa da kashi 6 ko 7 kuwa, tartsatsi ɗaya ya isa.

Tsarin auna haɗarin gobara na Amurka, wanda aka fara aiki da shi a 1972, ya kasa matattun itace da ciyawa gida huɗu bisa kaurinsu da saurin da suke bin yanayin iska. Abin da kaurinsa bai kai milimita 6 ba ana kiransa na sa'a 1. Daga milimita 6 zuwa 25 na sa'a 10 ne, daga 25 zuwa 75 na sa'a 100, sai manyan gungume na sa'a 1,000. In aka ɗora wannan a kan gonakinmu, karan shinkafa da na alkama da kyasuwa duk 'yan sa'a 1 ne. Karan dawa da na masara da ƙiraren danga 'yan sa'a 10 ne. Ma'ana, kusan duk abincin wutar da ke Kura da Bunkure ba ya tuna jiya. Yanayin da iska ke ciki a wannan sa'a shi ne yanayinsa.

3.1 Yadda Ake Aunawa

Awon ba ya buƙatar kayan da suka fi ƙarfin malamin gona. A ɗebi kara daga saman tuli da hannu mai tsabta, a zuba cikin gwangwani mai murfi a rufe nan take, domin iskar hunturu tana iya shanye danshin kafin a kai ɗakin awo. A ɗora a sikeli mai nuna giram. A busar a tanda mai zafin digiri 105 na tsawon awa 24, a sake ɗorawa. Bambancin nauyin biyu, a raba shi da nauyin busasshen, a ninka da 100, shi ne danshin. Misali, karan da ya yi giram 120 ya koma 100 yana da danshi kashi 20. Wanda ya yi giram 100 ya koma 94 yana da kashi 6 da 'yan kai.

Manomi ma yana da nasa awon. Yakan ɗauki kara ya lanƙwasa. Idan ya tanƙwaru ba ƙara, da sauran laima. Idan ya karye ƙas, ya murje a tafin hannu ya zama gari, to ya bushe. Aikin mai bincike shi ne ya haɗa wannan sani da lambobi, a san a kashi nawa ne kara ke daina lanƙwasuwa ya fara karyewa. Da zarar an san haka, kowane manomi yana ɗauke da ma'auninsa a hannunsa.

3.2 Asuba da Azahar

Iska mai zafi ta fi mai sanyi iya ɗaukar ruwa. Duk ƙarin digiri 10 zuwa 11 yakan kusan ninka abin da za ta iya ɗauka. Mu ɗauki misalin wata safiya ta Janairu: zafi digiri 14, laima kashi 35. Ko da ba a rage ɗigon ruwa ɗaya daga iskar ba, idan rana ta ɗaga zafi ya kai digiri 32, laimar za ta koma kimanin kashi 12. Karan da ya ƙi kamawa bayan sallar asuba, har mai gona ya yi ta hura shi yana tari, shi ne dai zai tashi kamar an zuba masa fetur bayan azahar. A lokacin ne kuma iska ta fi ƙarfi, domin zafin ƙasa yakan jawo iskar sama ta sauko. Bushewa da iska suna haɗuwa ne a sa'o'i guda, wajen ƙarfe 12 na rana zuwa 4 na yamma, kuma daidai lokacin ne mai gona kan ga cewa kara ya yi kyaun ƙonawa.

4.0 Mizanan Ƙasashen Waje da Iyakarsu

Mizanin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne na Kanada, wanda Van Wagner ya yi cikakken bayaninsa a 1987. Yana karɓar abu huɗu da aka auna da tsakar rana: zafi, laima, gudun iska, da ruwan saman da ya zuba cikin awa 24. Daga nan yakan fitar da lambobi uku na danshi, ɗaya na ganyen da ke sama, ɗaya na ruɓaɓɓen ganyen da ke ƙarƙashinsa, ɗaya na can cikin ƙasa wanda kan ɗauki kusan kwana 50 kafin ya sauya sosai. An gina shi ne domin dazuzzukan da ke da kaurin shimfiɗar ganye, inda ruwan sama ke zuwa jefi-jefi a lokacin zafi. A ƙasar Kano ana yin wata shida ba ɗigon ruwa, kuma babu irin wannan shimfiɗa. Lambobi biyu na ƙarshe za su yi ta hawa ne tun Oktoba har Mayu. Gargaɗin da ke cewa "haɗari ya kai maƙura" kwana 180 a jere ba wanda zai saurare shi bayan mako na farko.

Mizanin Angstrom na Suwidin ya fi sauƙi: a raba laima da 20, a cire zafi daga 27 a raba da 10, a haɗa biyun. Abin da ya gaza 2 haɗari ne babba, abin da ya haura 4 kuwa da wuya wuta ta tashi. A misalinmu na Janairu, safiya ta ba da 3.05, azahar ta ba da 0.1. Ya nuna bambancin sa'o'i sarai, sai dai bai san da iska ba, alhali ita ce ƙafar wuta.

Wanda ya fi kusa da buƙatarmu shi ne na Ostareliya. Tun a shekarun 1960 McArthur ya tsara mizani na musamman domin ciyawa, wanda ke la'akari da yadda ta bushe da zafi da laima da iska. A 2009 Sharples da abokan aikinsa suka kawo wata gajeriyar hanya: a cire laima daga zafi, a ɗauki rubu'in abin da ya fito, a cire shi daga 10. Wannan ne alamar danshi. Sai a raba gudun iska, a kilomita cikin awa, da wannan alama. A misalinmu alamar danshi ta safiya 15.25 ce, ta azahar 5. Da iska mai gudun kilomita 10, safiya ta ba da ƙasa da 1, azahar ta ba da 2. Idan iskar azahar ta kai kilomita 30, lambar ta zama 6. Rana ɗaya, gona ɗaya, amma haɗarin ya ninka kusan sau tara. Lissafi ne da ɗalibin sakandare zai yi a bayan littafinsa.

5.0 Tashar Yanayi da Tauraron Ɗan'adam

Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, NiMet, tana da daɗaɗɗiyar tasha a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, kuma tana fitar da hasashen yanayi na shekara da na kullum. Bayananta na shekaru masu yawa su ne ginshiƙin sanin yadda rani ke tafiya. Sai dai filin jirgin yana arewacin birni, fiye da kilomita 30 daga Kura, a kan busasshiyar ƙasa. Iskar da ta ratsa dubban hektocin da aka ba ruwa takan ɗebi laima ta rage zafi. Gonar da ke bakin shirin ta arewa maso gabas ita ke fara karɓar iskar hunturu da bushewarta, wadda ke tsakiya kuwa tana iya wayar gari da raɓa. Idan aka rufe kanal domin gyara, wannan bambanci ya ɓace cikin 'yan kwanaki. Tasha guda daga nesa ba za ta ga wannan ba.

Haka ma tauraron ɗan'adam. Shafin FIRMS na hukumar NASA yana nuna wuraren da wuta ke ci kyauta ga kowa, ta na'urar MODIS mai ganin murabba'in kilomita 1 da VIIRS mai ganin mita 375. Da shi aka san girman ƙonan karan shinkafa a Punjab ta Indiya, inda manoma ke cikin irin gaggawarmu tsakanin girbin shinkafa da shukar alkama, har hayaƙin ke turnuƙe birnin Delhi a Oktoba da Nuwamba. Amma waɗannan taurari suna wucewa ne a ƙayyadaddun lokuta, da hantsi da wajen ƙarfe 1:30 na rana da kuma cikin dare. Wutar kadada guda da ta ci ta mutu cikin rabin awa da la'asar ba za ta shiga lissafinsu ba. Tauraro shaida ne mai amfani a kan manyan gobarori da wutar daji irin ta Falgore, amma littafin da mutanen gari ke rubutawa shi zai cike giɓin.

6.0 Tsarin da Maƙalar ke Ba da Shawara

Na farko, a kafa ƙananan tashoshi masu aiki da hasken rana guda uku: ɗaya a tsakiyar gonakin da ke shan ruwa, ɗaya a bakin shirin ta inda hunturu ke shigowa, ɗaya a kan tudu a ɓangaren Bunkure. Su riƙa auna zafi da laima da gudun iska da inda ta dosa kowace awa, domin awon sau ɗaya a rana ba zai kama abin da aka bayyana a sashe na 3.2 ba.

Na biyu, a riƙa ɗibar karan shinkafa da na alkama da ciyawar gaɓar kanal sau biyu a mako, da ƙarfe 7 na safe da 2 na rana, daga Oktoba zuwa Mayu. Tashar Kadawa da Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero wurare ne da suka dace da irin wannan aiki. Rani biyu ko uku na awo zai nuna yadda lissafin Ostareliya ya dace da karanmu, da inda yake son gyara.

Na uku, kowace ƙungiyar masu amfani da ruwa ta ajiye littafin gobara: rana, sa'a, abin da ya ƙone, abin da ya tayar da ita, da inda iska ta nufa. Da wannan littafi za a yanke iyakokin matakan haɗari. A yanke su yadda matakin ƙoli ba zai wuce 'yan kwanaki a rani ba, don idan an faɗe shi a ji.

Na huɗu, saƙon ya zama gajere cikin Hausa, mataki uku kacal: "a ƙona da kula", "sai da sassafe ko bayan la'asar sakaliya", da "yau ba a kunna wuta". Afirka ta Kudu tana amfani da launuka biyar, amma rediyo da lasifikar masallaci ba sa nuna launi. A bi ta gidajen rediyon Kano, da saƙon waya, da bakin mai unguwa da sarkin noma. A haɗa da inda iska ta dosa, domin da hunturu mai gonar da ke kudu maso yamma shi ne a bakin wuta, kuma haƙƙinsa ne a sanar da shi kafin a ƙyasta ashana.

Na biyar, a tuna cewa akwai dokar hukumar NESREA ta 2011 a kan ƙonan daji da ƙone-ƙone a fili. Doka takan yi ƙarfi ne idan mutane sun ga hikimarta, kuma sun sami mafita. Karan shinkafa abincin dabbobi ne da makiyaya ke nema, kuma taki ne idan ya ruɓe. Wanda ya ƙona shi ya tura sinadarin naitirojin ɗinsa sama, ya dawo yana sayen buhun yuriya. Duk karan da aka ɗaure aka sayar, an rage wa wuta abinci ke nan.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa abincin wutar yankin Kura da Bunkure siriri ne, mai bin yanayin iska sa'a bayan sa'a, kuma yana zube ne gefe da gefe da gonakin da ke shan ruwa. Don haka mizanin da zai yi aiki a nan dole ya zama na awa-awa, ya san da iska, a kuma gwada shi da karan da aka ɗebo daga gonakin yankin. Ma'aikatan kashe gobara ba za su iya isa tsakiyar gona kafin alkamar da ta bushe ta cinye ba, saboda wutar ciyawa ta fi mota saurin gama aikinta. Abin da ke hannunmu shi ne sa'o'in da suka gabaci ƙyasta ashana. Manoman wannan yanki sun riga sun saba da jadawali: sun san ranar da ake sako musu ruwa, sun san layin kowa, sun san wanda ke riƙe da makullin ƙofar kanal. Ƙungiyar da ta iya raba ruwa tsakanin ɗaruruwan gonaki za ta iya raba lokacin kunna wuta, muddin an ba ta awon da za ta dogara da shi.